Tsirkiya Goma Sha Biyu

A Matosinhos gari kan waye da ƙarnin kifi.
Ƙarfe shida ina kan layi, wuƙa a dama, sardin a hagu,
in fille kai, in zare hanji, in jera su a gwangwani
kamar 'yan uwa masu barci a gado ɗaya.
Ranar Talata murfi ya zame
ya gaisa da yatsuna uku na hagu.
Jinin bai taka kara ya karya ba.
Gishirin ne ya ɗaga murya.

Graciete ta naɗe min su da filasta,
ta ce, "Ludovina, ki bar jitar nan ta huta mako biyu."
Na ce to.
To ɗin iyakarsa leɓe.

Da dare na hau bene na buɗe akwati.
Ga ta kwance, ciki kamar goran da aka raba,
kai a baje kamar wutsiyar ɗawisu,
tsirkiya goma sha biyu, duk na ƙarfe,
biyu-biyu, kowace da abokiyar gulmarta,
babu wadda ta san tausayi a cikinsu.

Wata bakwai ina tara kanta a yatsun nan
kamar mai jefa kwabo a asusu,
murfi ɗaya ya fasa asusun.

Da filasta sauti ya fito a toshe, kamar mai mura.
Na kware. Na danna.
Waya ta sami bakin ciwon
kamar da ma can ɗakinta ne,
ta shige ta zauna.
Na ji ta har cikin haƙori.
Na ƙirga huɗu, na ɗaga,
sai ga ɗigo ja a kan tsirkiya ta uku
yana karkarwa bayan sautin ya mutu.

Ran Asabar, a bayan shagon aski,
tsoho Belmiro, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a ɗinkin koma,
ya juya tafina ya duba,
bai ce sannu ba.
Ya ce, "Ɗora yatsa. Kar ki danna. Kaɗa."
Na kaɗa. Tuf, kamar an jefa dutse a laka.
"Sauko kaɗan." Tuf.
"Kaɗan kuma."
Sai ta buɗe baki, tar,
kamar cokali ya taɓi kofin gilashi.
Ya ce, "Tsaya nan. Nan ne iyakar hakkinta.
Abin da ya wuce nan dambe ne.
Wata bakwai ina faɗa miki kina shaƙe ta,
kantar ta toshe miki kunne.
Yanzu kin sami malamin da ba ya maimaita magana."

Tun ranar, minti goma nake yi.
In ciwo ya yi gyaran murya, in ajiye,
in tsoma yatsu a ruwan ɗumi,
in bar hannun dama ya yi ta kiwon wayoyi shi kaɗai.
Wani daren ma a gefen tebur nake bita,
yatsu na tafiya a kan katako, shiru,
kiɗan yana can cikin kai
tare da kukan jirgin da ke neman hanya a hazo.

Ermelinda ta ƙasa, mai bugun rufi da sandar tsintsiya,
ta tare ni a matakala:
"Lafiya? Kwana biyu ban ji hayaniyarki ba."
Ban gane ko kewa ce ko godiya ba.
Ta ba ni lemon tsami biyu, ban san na mene ne ba.

Yau kwana sha tara.
Fatar ta haɗe, sabuwa, ja-ja, mai kunya,
da zane uku sirara kamar sawun tsuntsu a rairayi.
Na kai ƙarshen baitin farko ban tsaya ba.
A na biyu na yi tuntuɓe inda na saba.
Na goge wayoyin da tsumma,
na shinshina wuyan jitar:
man zaitun, tsatsa, da ɗan ƙarnin sardin.

Gobe ƙarfe shida.
Wuƙar ma, na lura,
na daina riƙe ta kamar za ta gudu.